Kar Ka Zo Nemana

Shimpei ya riga ya tsallake igiyar da aka gitta a gefen hanyar hawa dutse, yana saita kyamararsa a kan wata barewa, sai ya ji an daka masa tsawa.

"Kai mai kyamara! Dawo nan. A hankali, kar ka yi gudu."

Ya waiga. Wata budurwa ce cikin koren kayan ma'aikatan gandun daji, ta haɗe rai kamar ba ta taɓa dariya ba.

"Hoto ɗaya kawai zan ɗauka."

"Taɓa ƙasar da kake tsaye a kai."

Ya sunkuya ya taɓa, ya janye hannu da sauri. Ƙasar ta yi zafi kamar murfin tukunya. Sai a lokacin ya lura da siririn hayaƙin da ke fitowa daga wata tsaga kusa da takalminsa, da warin ruɓaɓɓen ƙwai da ya cika wurin. Ya dawo sumi-sumi.

Mu mutanen bakin tafki mun saba da irinsa. Sukan zo daga birnin Sapporo da sabbin takalma, su yi tuƙin kwale-kwale, su ɗauki hoton gaggafa da barewa, su jiƙa jiki a ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, su koma gida suna yabon kyawun dutsenmu mai aman wuta. Ba sa tambayar abin da ke dafa musu ruwan wankan.

Sai dai shi Shimpei ya manta da barewa tun a nan. Ya karanta sunan da ke manne a rigarta.

"Chizuru. To tunda kin kore min barewata, sai ki tsaya a madadinta."

"Ɗan birni, hanyar sauka ga ta can," in ji ta. Amma sai da ta juya baya ta bar murmushin ya fito.

Asabar da ta biyo baya ya dawo, ya sake dawowa, har masu sayar da gasasshiyar masara a bakin gaɓa suka fara tanadar masa kujera. Ranar da take hutu sukan shiga kwale-kwale su nufi tsibirin tsakiyar tafki, shi yana tuƙi a karkace, ita tana masa tsiya. In ya koma birni kuwa, waya ba ta hutawa.

"Barewata, na iso lafiya. Birni ya cika da mutane amma babu kowa a cikinsa. Har warin ƙwan dutsenku nake kewa."

"Ɗan birni, ka ci abinci ka daina surutu. Dutse ya gaishe ka, yau ya ɗan yi tari. Ni ma na gaishe ka, amma kaɗan."

Mahaifiyar Shimpei da ta ji labari sai ta ɗora hannu a ka. Chizuru ita kaɗai ce a wurin ubanta, kuma duk wanda zai aure ta sai ya ɗauki sunan gidansu ya zauna ya riƙe masaukin ruwan zafin da suka gada.

"Ka ajiye sunan ubanka, ka je ka tare a gindin wuta? Matan birni sun ƙare ne?"

Wannan bai dame shi sosai ba, ya san yadda ake lallaɓa uwa. Babban tsaikon shi ne Baba Genzo, mahaifin Chizuru, dattijon da ba ya magana sai ta kama. Kowa a gari ya san wanda yake so wa 'yarsa: Iwao mai jirgin yawon tafki, haifaffen nan, wanda tun yana goye aka gudu da shi daga tokar aman dutsen.

Ranar da Shimpei ya je gaisuwa, ya durƙusa a kan tabarma har ƙafafunsa suka yi tsami. Ana cikin zuba shayi kofuna suka ɗan yi ƙara a kan tire, fitilar rufi ta yi lilo kaɗan ta tsaya. Babu wanda ya ɗaga kai sai shi.

"Ka ji dutsen ko?" in ji Baba Genzo. "Gaya min, yaro. In ya farka, kana ƙasa, ita tana sama a wurin aiki, me za ka yi?"

Shimpei ya ji daɗin tambayar, don yana ganin amsarta a tafin hannunsa take.

"Baba, ko wuta ce ke gangarowa zan hau in ɗauko ta. Ba zan bar garin nan ba tare da ita ba."

Chizuru ta rufe ido. Dattijon ya ajiye kofinsa a hankali.

"Chizuru, raka baƙonki. Kar motar yamma ta wuce shi."

A waje ta ja shi har bakin ruwa, idanunta sun kaɗa.

"Wa ya aike ka? A garin nan in jiniya ta yi kuka, kowa ya bi hanya mafi kusa ya tafi makarantar da ke ƙetaren tafki. Ba a jiran kowa, ba a neman kowa. Uwa ba ta komawa neman ɗa, don ta san malamansa sun tafi da shi. Da haka muke raye."

"Ko miji da mata?"

"Mamata 'yar birni ce kamarka. Lokacin aman dutsen da ya wuce ina jaririya. Ta riga ta shiga mota, ta duba ba ta ga Baba ba, sai ta miƙa ni ga maƙwabciya ta koma nemansa. Shi kuwa yana makaranta yana jiranta. Ba ta dawo ba."

Jikinsa ya yi sanyi. Amma soyayyar ƙuruciya akwai taurin kai, kuma ba wannan ne ya tsaya masa a rai ba.

"Ke nan in ni ne a sama, ba za ki zo ba?"

"Ba zan zo ba."

"Ko waiwaye?"

"Ko waiwaye, Shimpei."

Ya kalle ta kamar ta mare shi. Ya saɓa jakarsa ya nufi tasha. Iwao, da ke wanke jirginsa yana jin komai, ya ɗaga murya.

"Jarumi, sai yaushe? A gaida birni, can ƙasa ba ta motsi!"

Asabar ta zo ta wuce babu shi, wata ma ta wuce. Ta tura masa saƙo.

"Ɗan birni, kujerarka tana nan, masu masara suna tambaya. Abin da na faɗa ba ƙi ba ne. Ka zo in ƙarasa maka."

Ya karanta ya kife wayar. A ganinsa macen da ba za ta waiwaye ka ba, me ya rage ta ƙarasa? Ni dai haushinsa na ji a lokacin, ko da yake na san zafin so ne ke ɗawainiya da shi.

A waɗannan makonnin ne abubuwa suka fara canjawa. Ruwan wankan masauki ya koma launin ƙasa. Kwalta ta tsage a gaban gidan waya. Tsuntsayen da ke damunmu da kuka a gindin dutse suka yi ɗif. Wata safiya masunta suka ga garken barewa suna iyo a tafki, sun ba dutsen baya. Tsofaffi suka daina hira, kowa ya ajiye jakarsa a bakin ƙofa.

Shimpei ya ga hoton barewar a labarai, gabansa ya faɗi. Fushi ya tafi ba sallama. Ya rubuta mata yana cikin mota.

"Barewata, ina hanya. Na yi wauta. Ki jira ni a bakin gaɓa in ba ki haƙuri da bakina."

Saƙon bai shiga ba. Tun safe aka tura ta sama ta sauko da wasu masu hawan dutse da suka yi kunnen ƙashi, kuma can babu sabis.

Yana sauka daga mota ƙasa ta girgiza da ƙarfi. Jiniya ta ɗauka.

Babu ihu, babu guje-guje, kuma wannan ya fi ba shi tsoro. Mutane suka fito da jakunkuna, wasu suka shiga motoci, na kusa da ruwa suka nufi jirgin Iwao. Shimpei ya kama hannunsa.

"Ina Chizuru?"

"Tana sama."

Daga inda suke ana ganin bakin hanyar hawa dutse, ba nisa. Sama da ita hayaƙi ya yi kauri, ya koma baƙi. Shimpei ya saki jakarsa ya fara tafiya.

"Je ka mana, jarumi!" Iwao ya ƙwala masa. "In ta sauko ta wata hanya ta tarar ba ka nan, ni zan gaya mata? Ni ma sonta nake tun muna firamare, ka ga na hau? Ina kwance igiya, ba na jiran kowa."

Ya tsaya cak. Ƙafafunsa suna son hawa, zuciyarsa tana son hawa, duk abin da ya sani game da so yana ce masa ya hau. Ya kira lambarta, shiru. Ya sake kira. Ƙasa ta sake motsawa a ƙarƙashinsa, ƙananan duwatsu suka gangaro kan hanyar.

Sai ya juyo. Hawaye na zuba, ko sharewa bai yi ba, ya ɗauki wata tsohuwa da ta kasa taka matakala ya shiga da ita jirgi. Bai taɓa jin ya tsani kansa kamar lokacin da jirgin ya bar gaɓa ba.

Suna tsakiyar tafki dutsen ya buɗe baki. Ƙarar ta daki ƙirjin kowa. Baƙin hayaƙi ya miƙe sama ya rufe rana, tsakar rana ta koma kamar magariba, toka ta fara sauka a kan ruwa. A daidai gefen da hanyar hawa take ne wutar ta fasa.

A babban ɗakin makaranta ya tarar da Baba Genzo zaune a kan bargo, ya miƙe baya, ya zuba wa ƙofa ido. Dattijon ya dube shi tun daga kai har ƙafa, ya ɗan matsa gefe. Shimpei ya zauna kusa da shi.

Motoci suna zuwa, ana shigowa, ana rungumar juna. Duk sanda ƙofa ta buɗe su biyun sai su ɗaga kai tare. Tagogi suna karkarwa. Aka kawo musu dunƙulen shinkafa, babu wanda ya taɓa.

"A nan na zauna wancan karon," in ji Baba Genzo, idonsa na kan ƙofa. "Zaman nan ya fi hawa wuya."

Yamma ta yi sosai kafin wata motar gandun daji ta tsaya a waje, toka ta rufe ta ruf. Masu hawan dutse suka shigo suna tari. A bayansu Chizuru ce, fara fat da toka har girar ido. Da ta ji girgiza ta farko, ta bi da su ta bayan dutse suka zagayo ta doguwar hanya.

Ta ga ubanta, ta sauke numfashi. Sannan ta ga wanda ke kusa da shi, ta tsaya kamar an dasa ta.

"Yaushe ka zo?"

"Da jiniya."

Ta matso kusa da shi. "Ka hau nemana?"

Ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. "Ban hau ba, Barewata. Na shiga jirgi na bar ki."

Sai ta fashe da kuka, ta faɗa jikinsa a gaban duk gari, abin da ba a saba gani a wurinmu ba.

"Duk hanya addu'ata ɗaya ce, in ka zo kar ka hau. Na gode, ɗan birnina. Na gode."

Baba Genzo ya miƙe da kyar. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya dafa kafaɗar Shimpei.

"Ka gaya wa mahaifiyarka zan zo in gaishe ta da kaina. Masauki yana ƙarƙashin toka, zan buƙaci mai riƙe shebur."

Sai da bazara ta zagayo aka bar mu muka koma gida, kuma ba kowa ya tarar da rufinsa ba. Shimpei ya yi kwasar toka har tafin hannunsa ya yi kanta. Mahaifiyarsa ta zo da niyyar tafiya da ɗanta, ta ji yadda aka yi, daga baya ta tambayi ranar biki.

An ɗaura auren a ƙaramin wurin ibadar da ke bakin tafki, amarya cikin fararen kaya, ango yana tuntuɓe da nasa. Iwao ne ya ɗauko baƙi a jirginsa, yana ta mitar cewa har yanzu ɗan birni bai iya tuƙi ba. A bayansu dutsen yana fitar da hayaƙinsa siriri, bai yi wa kowa alkawarin komai ba.

Baba Genzo ya haɗa hannayensu.

"Zai sake farkawa, ko a zamaninku ko na 'ya'yanku. Ranar, kowa ya kama hanyarsa, ku haɗu a ƙetare. Ku tsufa tare, 'ya'yana."

Muka amsa gaba ɗaya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa duk ranar da jiniya ta yi kuka su iske juna a can.