Jeren Mota Ɗaya

Hajja Ni'imat ta kurɓi shayin, ta ajiye kofin a hankali, ta dubi Mama.

"Umm Sabrin, sukarin gidan nan ma ya bi Fathi kabari ne?"

Marigayi Babana take nufi. Mama ta yi dariyar yaƙe ta tashi ƙaro mata. Ni ina zaune a gefen kujera ƙafafuna na zogi, don a tsaye nake wuni a masaƙar tawul da nake aiki a nan garinmu Mahalla. Hajja ita ce mahaifiyar Magdi, mai gyaran firji da injin wanki, wanda aka yi min baiko da shi tun Baba na da rai. Na san ba gaisuwa ta kawo ta ba.

Ranar da ciwon ƙoda ya kayar da Baba, asibitin kuɗin da muka kai shi suka ce sai an ajiye wani abu kafin a ba shi gado. Yana kwance a kan benci ni da Mama muna bin maƙwabta ƙofa-ƙofa. An samu, amma an makara. Ya yi 'yan makonni ya tafi, ya bar mu da bashin mai kantin magani da na mutanen layi.

Tun daga nan na ɗaure gidanmu kamar bakin buhu. Nama sai ranar albashi, sauran kwanaki wake da adas, ɗan ƙanƙanin waken nan na miya. Girki sau ɗaya a wuni saboda tukunyar gas ta daɗe. Burodin katin tallafin gwamnati muka rage karɓa, ragowar a ba mu mai da shinkafa a madadinsa. Wanda ya bushe kuma na agwagin Mama ne a kan soro. Na daina hawa tuktuk, keken haya mai ƙafa uku, da ƙafa nake zuwa aiki. Albashi na shigowa sai in kai wa masu bashi nasu, sannan in jefa ɗan abin da ya samu a tsohon gwangwanin man shanu da na ɓoye a ƙarƙashin jallabiyoyin Baba. Mama takan ce wane irin tari ne mutum ana binsa bashi. Ni kuma in ce mai bashi ya san ranar zuwansa, ciwo kuwa ba ya sallama.

Wannan gwangwanin ne Mama ta yi suɓutar baki ta gaya wa Hajja, wai don ta yabe ni. Shi ya kawo ta.

Ta ce biki ya ƙarato, kuma ba ta ga alamar nish ba, kabad ɗin gilashin nan da kowace amarya ke cikawa da tangaran. Ta ce ranar da aka kai kayan 'yarta Nagla mota tara aka jera, har yau ana zancen a unguwa. In fasa gwangwani in ba Mu'allim Subhi, mai sayar da kayan aure bashi, kafin alƙalami, sauran in sa hannu a takarda in riƙa biya wata-wata, kamar yadda kowa ke yi.

"Hajja, ba zan ɗora bashi a kan bashi ba," na ce. "Kuɗin nan na ranar tsautsayi ne."

"Tsautsayin da ya wuce a kai kayan matar ɗana a mota ɗaya, mata na leƙe ta taga suna dariya? To ki auri gwangwanin."

Washegari na biya ta shagon Magdi. Yana durƙushe a bayan wani firji, hannunsa duk baƙin mai. Ya ce uwarsa ta hana shi sakat, in taimake shi in sayi ko rabin nish ne a huta. Na tambaye shi ko ya taɓa shan ruwa da kofin nish ɗin Nagla. Ya yi murmushi ya ce ko mijinta bai isa ya taɓa mabuɗin ba. Sai na tuna masa bencin da Baba ya kwanta a kai, don shi ma yana wurin ranar. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Gaskiyarki, 'yar Baba Fathi. Amma ita ma uwata ce."

Hajja ta rantse in ya sake taka gidanmu ba ta yafe masa ba, ta kuma ce ya karɓo zoben baiko da awarwaron. Zuwan ya daina. Zinaren kuwa ya ƙi karɓa. Haka muka shafe watanni. In na wuce ta shagonsa sai ya ɗaga min hannu daga nesa, in ɗaga masa, kowa ya kama gabansa. Ƙawayena a masaƙa suna ce min na saki miji na kama gwangwani. Wani lokacin ni ma ina tambayar kaina haka. Na rame, takalmina ya huje, ga Mama da ciwon sukari, kullum ina duban ƙafarta da ke kumbura. Ban fasa jefa abin da nake jefawa ba, amma ba da daɗin rai ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka buga ƙofa. Magdi ne. Bai zauna ba. Ya ce kayan da aka loda a motocin Nagla tara ɗin nan duk bashin Mu'allim Subhi ne, kuma uwarsa ce ta sa hannu a farar takardar da ba a rubuta adadin kuɗi ba, ba tare da sanin kowa ba. Ta kasa biya, mutumin ya kai ƙara, an yanke mata ɗauri. Amma Mu'allim Subhi ya ce in aka biya abin da ya taru zai janye. Magdi ya sayar da babur ɗinsa, Nagla ta kai tangaran kasuwa an taya su kuɗin banza, har yanzu bai cika ba.

"Ba roƙo na zo ba, Sabrin. Na zo in ce kada ki ƙara jirana. Ban san shekarar da zan miƙe ba."

Na shiga ɗaki na zauna a gaban kabad ɗin kayan Baba. Ba zan ɓoye ba, raina bai so ba. Kuɗin nan ƙafar Mama na tara wa, ba matar da ta yi wa mamacinmu ba'a a kan sukari ba. Mama ta shigo ta tsaya a kaina.

"Ɗauko shi."

"In kika faɗi gobe fa, Mama?"

"Ubanki ya kwanta a bakin ƙofar da aka ƙi buɗe masa. Yau mu ne a cikin ɗaki. Ɗauko."

Na ɗauko na miƙa wa Magdi. Ya riƙe shi da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa.

Mu'allim Subhi ya janye ƙarar. Sauran bashin Magdi ya ɗauka a wuyansa, ya zo ya tambaye ni yadda nake raba albashi, ya koma ya yi haka a gidansu. Bayan kwanaki Hajja ta zo. Ba ta ce in yafe mata ba, irinta ba sa faɗa. Mama ta miƙo sukari, ta tare kofin da tafin hannu ta ce haka ma ya yi. Ta shanye tas.

Sai da muka ƙara shekara kafin na sallami mai kantin magani, wanda shi ne na ƙarshe. Sannan aka kai kayana: katifa, tukwane, tawul ɗin masaƙarmu, da tsohon firji da injin wankin da Magdi ya saya a matacce ya tayar da su. Mota ɗaya. Hajja ce ta zauna a gaba tana rangaɗa guɗa. Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambayar ina sauran motocin.

"Ko cokali ɗaya na bashi babu a cikin wannan," Hajja ta ce. "Ke fito da taki mu gani!"

Kowa ya yi dariya, ni kaɗai na yi kuka, don Baba ne ya kamata ya zauna a kujerar nan.

Yanzu gwangwanin na ɗakinmu, a kusurwar da aka tanada domin nish. Bai cika ba, kullum a gajiye muke jefa masa, amma mu biyu ne yanzu. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, sai dai ga abin da zan gaya wa 'yan mata: masu ƙirga motoci ta taga ba sa raka mutum kotu, ba sa raka shi asibiti. Ki biya wanda ke binki, ki ajiye kaɗan komai ƙanƙantarsa, ki yi haƙuri da dariyar mutane. Wanda yake sonki zai jira ki, ko da daga nesa yake ɗaga hannu.