Furen Da Ba Ya Son Taki

Ranar Alhamis ce. Rana ta fito da zafinta tun da safe, ko iska babu a Alƙahira.

A unguwar Arba wa Nus akwai wani yaro ɗan shekara tara. Suna zaune a hawa na huɗu, shi da Baba da Inna da yayarsa Husaina. Husaina tana karatun tsirrai a jami'a. Yaron yana ji da ita, don ita ce mai rage masa nama a kwanonta.

A lungun ɗakin Husaina, inda rana ba ta kaiwa, akwai wata 'yar tukunya. Malamarta, Dakta Nada, ce ta ba ta amanarta har a dawo hutu. Babu ƙasa a ciki, tsakuwa ce zalla. A tsakiya ga wani ɗan tsiro, ganyensa kamar an barbaɗa masa gari. Ya fid da toho guda ɗaya. Husaina tana jiran ya buɗe, don a kansa za ta rubuta aikinta na ƙarshen shekara. Kullum sai ta jera masa kwalaben ƙanƙara a gefe.

Ta sha gaya wa ƙanen nata, "Kallo da ido, auta. Ban da hannu."

Shi kuwa tausayin tsiron yake ji. A ganinsa yunwa ce ta hana shi girma. Bara da suka je gida Malumfashi, ya ji Kaka yana cewa shuka ba ta da buƙata sai rana da taki.

Ranar nan Inna ta aiki Husaina kasuwar Ataba, ita kuma ta shiga girki. Yaron ya ɗauki tukunyar ya hau saman bene. Ya jiƙa tsumma, ya goge farin nan na ganyen tas, yana zaton ƙura ce. Ya ɗebo kashin tattabarun maƙwabcinsu cikin hannu biyu, ya zuba a gindin. Sannan ya ajiye tukunyar a tsakiyar rana.

Ya ce, "Yalla, maza ci ka ƙoshi."

Bayan la'asar Husaina ta dawo, ta ga lungu wayam. Yaron ya kama hannunta yana murmushi, ya ja ta har sama.

Murmushin bai daɗe ba. Ganyen duk ya kwanta kamar dafaffen alayyafo. Tohon ya bushe, ya sunkuyar da kai.

Husaina ba ta yi faɗa ba. Ta tsuguna, ta rungumi tukunyar, hawaye na zuba. Da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

Baba, Malam Ya'ƙub, ya dawo ya tarar da su. Ba mutum ne mai yawan magana ba.

Ya ce wa yaron, "Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Baba. Taimako na yi."

"Ka tambaya?"

Yaron ya dubi ƙasa.

Husaina ta share ido. Ta ce wa ƙanen nata ya zo ya riƙe mata kwano, ta shiga wanke tsakuwar ɗaya bayan ɗaya. Tana yi tana ba shi labari. Ta ce gidan wannan tsiro yana can saman duwatsun Sina, kusa da Dutsen Katrina, inda dusar ƙanƙara ke sauka lokacin sanyi. A tsagar dutse yake fitowa, cikin inuwa, inda ruwa ke tsattsafowa dare da rana. Furensa ruwan ɗorawa ne. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai can, kuma kaɗan ne ya rage. Shi ya sa ba a tsinko shi. Wannan ma daga iri aka raino shi a jami'a.

Yaron ya ce, "To ƙurar fa, Yaya?"

"Ba ƙura ba ce. Shi yake yin abinsa, rigarsa ce. Ka tuɓe masa riga, ka kai shi rana, ka ba shi abincin da ke ƙona masa saiwa."

Baba ya miƙa masa waya, ya ce shi da bakinsa zai gaya wa Dakta Nada. Yaron ya faɗi komai, bai rage ba. Malamar ta ce, "Ma'alish, ba komai, ɗana. Duba tsakiyarsa. Da sauran kore?"

Ya leƙa. Akwai ɗan kore, bai fi ƙwayar gero ba.

Daga ranar aikin ƙanƙara ya koma hannunsa. Sau uku a yini yake sauya kwalabe. Abokansa suna kiransa ƙwallo daga ƙasa, ya ce musu yana da majinyaci.

A rana ta tara ya ga wani ɗan ganye ya leƙo, da farin garinsa a jiki. Ya sa hannayensa a baya, ya kira Husaina. Ta duba, ta yi dariya, ta shafa kansa. Fure dai sai baɗi, amma Dakta Nada ta yarda Husaina ta rubuta aikinta a kan yadda tsiron ya farfaɗo.

Baba ya ce, "Ka gani ko? Kowane mai rai da abin da ya dace da shi. Niyya mai kyau ba ta isa ba. In za ka taimaka, fara tambaya."

Washegari da safe yaron ya sauya kwalaben ƙanƙara. Sannan ya leƙa kicin ya ce, "Inna, na'a-na'arki ta baranda tana son taki?"

Inna ta ce tana so, amma kaɗan. Sai ya ɗauki cokali ya hau sama ɗebo kashin tattabaru.