Hoton da Kaka Ta Roƙa

Har Kaka ta rasu tana roƙon Auta ta ɗauke ta hoto, kullum amsar ɗaya ce: "Sai gobe, Kaka."

Ran nan bayan magariba, Auta ta shiga ɗakin marigayiyar saboda farin bangonsa. Ta jingina waya a taga, ta zauna bakin gado, ta ɗauki kanta hoto. Tana mayar da hoton baƙi da fari, warin man zafi ya cika ɗakin. Ga tsohuwa a hoton zaune gefenta, ta kashe ɗauri, hannuwa bisa gwiwa.

Sai katifa ta lotsa kusa da ita.

"'Yar nan, goben ce ta yi? To sake, na ƙifta ido."