Ɗaki Mai Kama da Rijiya

Rana ta yi ja a yammacin Dakoro, awaki suna ta shigowa gari da ƙafarsu, hayaƙin murhu ya kwanta bisa katangu ya ƙi tashi. A gidan Alhaji Badaru mai sayar da hatsi, matarsa Halimatu tana tuƙa tuwo, ɗiyarsu ɗaya tilo, Hamdiya, tana cikin sabon ɗaki tana bitar karatun lakwal, wato makarantar boko, don a duk gidan nan ne kaɗai zafin bazara bai kai ba. Ladan bai riga ya kira magariba ba sai wani ɗan dutse ya faɗo ta bakin rufin, ya sauka bisa littafinta. Ta ɗauka ta juya shi. Fari ne, da sanyi, da laima a jikinsa, alhali rabon garin da ruwan sama tun kafin kaka.

Sai an san ɗakin nan kafin a gane abin da ya biyo baya. Alhaji Badaru mutum ne da ba ya ganin sabon abu ya bar shi ya wuce. Da za a ce masa a Maradi an fara yi wa rumbu taga, da ya kwana neman kafinta. Ƙanensa Ikrama ya karanto gini a Yamai, ya dawo da dabarar ɗakin da ba ya buƙatar fanka. Aka haƙa ƙasa da zurfi a tsakar gida, aka zuba zobban siminti masu faɗi ɗaya bisa ɗaya har suka ɗara katanga, aka yi matakala tana sauka ciki, aka bar baki zagayayye a sama don haske. In ka zauna ƙasa ka ɗaga kai, sai ka hango sama can nesa kamar faifai. Sanyi kuwa ba a magana.

Ranar da aka gama aikin, Halimatu ta sauka, ta ɗaga kai sau ɗaya, ta fito tana dafa bango. Ubanta Jimrau maginin rijiya ne. Tana yarinya rijiyar da yake gina wa makiyaya a arewacin Azagor ta rufta da shi da abokan aikinsa. Mutane suka yi ta tono rairayi yana komawa, har ƙarfinsu ya ƙare, aka yi musu salla a bakin ramin aka cike shi. Duk Dakoro an san wannan.

"Alhaji, wanga ba ɗaki ba ne, rijiya ce," ta ce da mijinta. "Ban iya zama cikinta."

Ikrama ya yi dariya irin ta ƙanen miji. "Haba matar Yaya, in haka ne kowace randa ma rijiya ce. Ni iska na bi da inuwa, ban bi mutuwar kowa ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma nan baƙin cikin yake. Gari ya rabu biyu a kan ɗakin. Tsofaffin da suka tsaya a sahun waccan salla suka ce cin fuska ne, ba a gina wa marainiya kamannin abin da ya maida ta marainiya a ƙofar ɗakinta. Samari suka ce ci gaba ne, suna zuwa suna ɗaukar hoto da waya. Alhaji kuwa daɗi yake ji ana maganarsa, ko yabo ko zagi. Halimatu kuwa in za ta madafa takan zagaya ta bayan turken awaki, don kada ta bi ta gaban ɗakin.

Daga wannan dutse na farko, kullum rana ta sunkuya sai jifa. Alhaji ya hau rufi da bulala yana jiran 'ya'yan maƙwabta, bai ga ko kaza ba, duwatsun kuma suna faɗawa ta gabansa. Bayan jifa sai rairayi ya fara tsiyaya daga tsakanin zobba, a hankali, ba tsaga ba rami. Sannan muryoyi suka zo. Daga ƙasa suke fitowa, a shaƙe, kamar maza suna magana cikin tulu, kalma guda suke maimaitawa: "A ja. A ja."

Aka sa wa ƙofar kwaɗo. Washegari da magariba aka nemi Hamdiya aka rasa, sai a ƙasan ɗakin aka same ta, kwaɗon yana nan a kulle, tana tsaye ta ɗaga kai, bakinta cike da rairayi. Tun daga ranar ta daina cin abinci sai an matsa mata. Numfashinta ya gajarce kamar an aza mata buhu a ƙirji. Likita ya duba bai ga ciwo ba. Yarinyar da dariyarta ke kaiwa ƙofar gida ta koma ba ta gane uwarta, Halimatu kuwa tsoro ya cika ta, don ta ga ɗiyar tana tafiya inda ubanta ya tafi.

Aka aika garin Bader Goula aka ɗauko Malam Nu'man, wani tsoho siriri mai ƙarancin magana, wanda aka sani da karatu a kan masu taɓuwar iska. Ya iso bayan la'asar. Ya daɗe tsaye yana kallon ginin, bai yaba ba bai kushe ba, ya ce a shigar da yarinyar ciki tunda can ake nemanta. Alhaji da Ikrama suka riƙe ta a kan tabarma, Halimatu ta tsaya a kan matakalar farko, ƙafarta ta ƙi wucewa. Malam ya yi tofi a ruwa ya shafa mata, ya kai bakinsa kusa da kunnenta, ya fara karatu. Hasken bakin rufin yana raguwa, muryarsa tana ƙara nauyi. Can sai jikin Hamdiya ya sandare, ta buɗe baki, muryar wani tsohon namiji ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, mi kake nema ga ɗiyar mutane?"

"Ni mazaunin wurin waccan rijiya ne tun kahin Jimrau shi sa magirbi. Ban kashe kowa ba. Ƙasa ta ruhta, na zamna da su cikin duhu. Ka san al'adar masu ginin rijiya, in na ƙasa yana son a hidda shi, igiya yake girgizawa. Jimrau ya yi ta girgiza igiya har hannunshi ya mutu, ba a ja ba. Su sun tahi, kiransu ya tsaya wurina, na rasa inda zan aje shi. Ina wucewa na ga an buɗe rijiyar cikin gari, har da matakala, ga jinin Jimrau zamne ciki. Na ce to, sun tuna."

"Ɗaki ne!" Ikrama ya faɗa. "Ɗakin shan iska ne, wallahi!"

"Kai ka san haka, yaro. Mu ba mu sani ba."

Alhaji ya miƙe ya ce a kawo guduma, a rushe ginin tun yau. Abin ya yi dariya da bakin ɗiyarsa.

"Rushe, Alhaji. Ta ruhta karo na biyu, da ɗiyarka a ciki."

Nan take Hamdiya ta kama wuyanta, rairayi ya zubo daga bango kamar ana sheƙar gero. Malam ya ɗaga murya da karatu, ya haɗa shi da Allah ya fita. Abin ya yi nishi, ya ce zai fita, amma kira ba ya ƙarewa sai an amsa. A bar masa ɗakin. Kowace magariba a zura igiya ta bakin rufi, jinin Jimrau ya riƙe, in ta girgiza a ja.

"Ba mu ƙulla alkawari da ku," in ji Malam. "Matattu suna wurin Ubangijinsu, ba su kiran kowa. Ku yi haƙuri, ku ba ni lokaci, zai hita ba da sharaɗi ba."

Wataƙila da ya fita ɗin. Amma leɓen Hamdiya ya riga ya yi baƙi, idanunta sun juye, kuma uwa ce ke tsaye a kan matakala.

"Na ɗauka!" Halimatu ta yi ƙara. "Na ɗauka, sakar mini ɗiya!"

Malam Nu'man ya rufe ido. Hamdiya ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta ce, "Inna, ƙishirwa." Ana ta hamdala, shi kuwa tsohon yana naɗe tabarmarsa jikinsa a sanyaye. A ƙofar gida ya ce da Halimatu, "Kin ba shi magana da bakinki, ɗiyata. Wannan ba ni da karatun da zai kwance shi. Allah shi kawo miki sauƙi."

Hamdiya ta warke sarai, ta koma lakwal. Ikrama ya bar garin ya koma Maradi, inda masu kuɗin da suka ga hoton ɗakin suka yi ta nemansa ya gina musu irinsa, kuma an ce a can ba abin da ake ji ciki sai sanyi. Har yau a majalisun Dakoro ana gardama ko laifi ya yi ko gwaninta, masu gardamar kuma da an kira salla suke tashi su bar zancen.

Halimatu ce ba ta tashi ta bar shi ba. Kowace magariba sai ta taka tsani ta hau rufi, ta zura igiya cikin duhu. Igiyar takan girgiza, ta ja, da nauyi kamar na mutum, har ya kusa baki, sannan ta ji sakayau. Ba ta ƙara kwana wani gari ba, ko biki ko gaisuwar mutuwa. Tafin hannunta ya yi kanta. Sau ɗaya zazzaɓi ya kwantar da ita Alhaji ya hau a madadinta, igiyar ba ta ko motsa masa ba, a ƙasa kuwa Hamdiya ta fara shaƙewa, sai da aka ɗauki uwar aka hau da ita. Abin da ke riƙe da ita guda ne, ɗiyar nan ta yi karatu ta yi nisa da gidan.

Shekaru suka tafi, Hamdiya ta sami gurbin karatun ungozoma a Yamai. Ana gobe za ta shiga mota, jakarta a ɗaure, Halimatu ta faɗi a madafa da hantsi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, hannun ya kwanta a gefenta ba ya ko riƙe cokali. Aka dawo da ita daga wurin likita rana ta sunkuya. Tana kwance a tsakar gida ta ji numfashin ɗiyarta ya fara gajarcewa, ita ma ɗiyar ta ji. Alhaji ya zauna bakin ƙofa ya rufe fuska da hula.

Hamdiya ta ɗauko igiyar daga ƙusa, ta durƙusa gaban uwarta.

"Naɗa tsumma ga hannunki, tana yanka," Halimatu ta ce, harshenta yana harɗewa, hawaye yana gangara cikin kunnenta. "In ta yi nauyi ki ja. Kar ki leƙa. In an kira sunanki kar ki amsa."

"Har yaushe, Inna?"

Halimatu ta juya fuskarta wajen bango. Ladan ya ɗaga murya, Hamdiya ta kama tsani ta fara hawa.