Kallabin Da Ya Tsallake Shinge

A shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, akwai wata yarinya a barikin leburori. Ɗakuna ne a cunkushe. In wani ya yi tari, har maƙwabcinsa sai ya ji.

Kwatsam sai cutar agana ta shigo barikin. Aka kewaye shi da ƙaya, aka sa dogari a ƙofa. Ba shiga, ba fita.

Yarinyar nan kuwa ƙafar yawo gare ta. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa ƙofa, ta dawo. Kai, sai ka ce an rufe kaza a akurki!

"Inna, yaushe za a buɗe?"

"Sai ciwo ya wuce. Zo ki kula da Sahabi."

Sahabi ƙanenta ne, ƙuraje sun feso masa. Ita yarinyar ta yi tata aganar tun tana goye, ba za ta sake kama ta ba. Da kallabinta take share masa gumi.

Ranar jajiberen Salla ta hangi ƙawarta Wasila ta bayan shinge. Duk Salla sukan yi musayar kallabi, alamar ƙawance.

"Wasila! Ba za mu yi musaya ba?"

"An ce kada mu karɓi komai daga nan."

"Haba! Kallabi ne fa kawai!"

Yarinyar ta ƙulle dutse a cikin kallabinta, ta wurga. Wasila ta cafe, ta ɗaura.

Bayan kwanaki sai dogari ya kawo labari. Agana ta kama Wasila, an rufe gidansu.

Yarinyar ta tuna da kallabin da ta wurga. Ta kasa ci, ta kasa zama. Da ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta fashe da kuka, ta gaya wa Inna.

"Innalillahi! Wanda kike share wa Sahabi jiki da shi?"

"Shi ne, Inna."

Nan take Inna ta sanar da dogari. Aka je aka ƙone kallabin kafin ƙannen Wasila su taɓa shi.

Kullum yarinyar tana bakin ƙofa. "Baba dogari, ya jikin Wasila?"

"Da sauƙi," kawai yake cewa.

Allah da ikonsa, Sahabi ya warke, Wasila ma ta tashi. Ranar da aka janye ƙaya, yarinyar ta ruga gidan su Wasila. Ta tarar da fuskar Wasila duk zanzana. Wayyo, kunya da tausayi suka kama ta.

"Ni na jawo miki. Ki yafe mini."

Wasila ta yi dariya, ta rungume ta. "Na yafe, uwar yawo."

Da ta koma gida Inna ta ce, "Kin gani, ɗiyata? In an tsare mu saboda ciwo, ba mugunta ba ce. Wanda kike so, shi ake kare miki."