Minsharin Malami

A gidan Na'Allah da ke Tudun Wada ta Sakkwato, ba a neman agogo bayan azahar. Da zarar ɗansa Malami ya miƙe bisa tabarma, sai minshari ya tashi kamar injin niƙa. Shekararsa biyar kacal!

Kakarsa Inna Iyatu kuwa daɗi kamar ya kashe ta.

"Ku ji mani! Walle hakanan marigayi Malam ka yi. Sunan kakanai yaɗ ɗauka, ga minsharin ma ya gado!"

Kowa ya yi ta dariya, ban da Sadiyatu, uwar yaron. Ita ta ga yadda yake shaƙewa cikin barci, ya tashi riƙe da kai, ya wuni yana gyangyaɗi. Amma ɗan fari ne, ɗan kunya, ko sunansa ba ta faɗa. Ran nan dai ta daure.

"Inna, da an kai shi asibiti..."

"Iye! Ɗan hwarin naki? Ina kunya tat tahi? Lahiyatai lau! Ki sake yi mai mugun baki, ki ga in ba ki koma gidanku ba!"

Sadiyatu ta shige ɗaki tana hawaye. Na'Allah ya bi ta, ga son mata, ga tsoron uwa.

"Haba madam, yi haƙuri. Ba inda za ki, in ina raye."

Ta yi haƙurin, amma ba ta ɗauke ido daga kan yaron ba.

Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka fito, Na'Allah ya shigo da rikoda sabuwa fil. Don ya faranta wa Inna, ya ɗauki minsharin Malami a kaset. Bayan la'asar aka taru tsakar gida aka kunna, Inna har da tafi. Can sai rikoda ta yi tsit.

"Ta lalace halan?" in ji Inna.

"A'a Inna, ga kaset nan shina juyawa," in ji Na'Allah.

Sadiyatu ta ce a hankali, "Shi na ba ya numhwashi."

Shirun ya yi tsawo, sannan aka ji yaron ya ja iska da ƙyar. Inna ta daina dariya.

"Hakanan Malam ka yi... har rad da shirun bai ƙare ba." Ta zabura. "Sadiyatu, miƙo min mayahina!"

A asibiti likita ya auna yaron, ya sake aunawa, ya ce hawan jini ne.

"Hawan jini? Ciwon alhazzai ga ɗan wanga?" in ji Inna.

Likita ya ce wani nama ne ya kumbura a maƙogwaronsa yana tare numfashi, shi ya sa jinin ya hau. Aka yi masa aiki, aka cire.

Kafin damina jini ya sauka, Malami ya yi ɓulɓul, ya addabi unguwa da ƙiriniya. Rannan yana barci shiru, Inna ta kamo hannun Sadiyatu a gaban Na'Allah.

"Ɗiyata, yahe mani. Daga yau ki duba ɗanki son ranki."

Na'Allah ya yi wa matarsa wani kallo, ita kuwa ta rufe fuska tana murmushi.

Kunya ado ce, jama'a, amma ba a yin ta da ran yaro, kuma minsharin ƙaramin yaro ba abin dariya ba ne. Kaset ɗin kuwa Inna ta adana shi cikin kwallarta. In kewar Malam ta taso ta kunna, amma kafin a kai wurin shirun sai ta kashe.