Roba Ba Ta Karɓar Fenti da Gaggawa

Ranar da ta fara shiga shagonsa, ko fuskarsa ba ta kalla ba. Ta ɗora wayarta a kan kanta, ta nuna masa hoton bambar mota mai launin toka da doguwar ƙarza a gefen hagu.

"Fentin gwangwani nake so, irin wannan launin."

Mai fentin ya kalli hoton, ya kalle ta. "Bambar ta roba ce. Wa zai yi aikin?"

"Ni."

Ta jira ya yi dariya kamar yadda yayyenta suka yi. Bai yi ba. Ya jero mata gwangwanaye, ya ɗora sanfefa a kai, wato takardar gugar nan mai kaushi.

"Roba ba ta karɓar fenti da gaggawa," in ji shi. "Ki kwance ta, ki wanke da sabulu, ki goge har ƙyallin ya mutu. Sai ki fesa wannan na shimfiɗa tukuna. Ga lambata a jikin ledar, in kin maƙale."

Ta ce to. Wata bakwai ke nan tana ce wa kowa to.

Motar ta mahaifinta ce. Ita ce auta, ita yake koya wa tuƙi, har yana ce mata Direba. A fitarsu ta ƙarshe ta yi baya ta gogi ƙarfen get. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ta bari, su biyu za su gyara ranar hutu. Kafin ranar hutun ta zo aka binne shi. Gida ya cika da kuka, ita kuwa ko ɗigo. Tana cin abinci, tana zuwa aiki, tana amsa gaisuwa, amma komai yana wucewa ta gabanta kamar motar da ba tata ba.

Kwance bambar kaɗai ya ci mata kwana biyu. Ta rubuta wa mai fentin: "Akwai wani abu da ya riƙe ta ta ƙasa."

Ya amsa: "Maƙalai ne na roba, guda huɗu. Ki bi su a hankali, sun fi mutum saurin fushi."

Daga nan saƙo ya fara bin saƙo. Da ya ji labarin get ɗin, sai ya koma ce mata Direba shi ma, ita kuma ta raɗa masa Malam Sanfefa saboda ba ya magana uku bai ambaci guga ba. Wata rana ya rubuto: "Direba, ni fa na kamu. Ina so in zo in gaida Mama."

Ta karanta sau biyu, ta lalubi zuciyarta ko za ta ji wani abu. Shiru. Ta rubuta: "To."

Mama dai tana da nata ɗan takarar: ɗan ƙawarta, ma'aikacin banki, mai ƙamshin turare tun daga get. Mutumin kirki ne, ba laifi. Sai dai da ya ga bambar a kwance kan jaridu a gareji, cewa ya yi, "Haba, wannan ai sai bola. Gobe zan sa a kawo sabuwa." Auta ta ce masa ya bari. Bai tambayi dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ranar da mai fenti zai zo, da safe, ta shiga gareji. Ta kalli sabulu, ta kalli sanfefa, ta ji ba ta da ƙarfin ko ɗaya. Ta girgiza gwangwani ta fesa fentin kai tsaye a kan robar, da kauri, don dai a gama. Ta ɗauki hoto ta tura masa, ta manta.

Ya iso da yamma cikin wankakkun kaya, amma fenti ba ya barin farce don an yi baƙunta. Idon Mama a kan hannunsa ya sauka. Ta amsa gaisuwar a daƙile, ruwan da aka kawo ma bai samu shiga ba. Minti goma bai cika ba ya yi sallama.

"Auta," Mama ta ce bayan fitarsa, "duk mazan duniya ki rasa wanda za ki kawo min sai mai warin tinar fenti? Ban yarda ba."

"To, Mama."

Ba a yi awa ɗaya ba saƙonsa ya shigo: "Direba, ki dakata haka nan. Ba zai kama ba. Daga fuska na gane ba a shirya karɓa ba. Ƙara matsawa ɓata lokaci ne."

Ta zauna a bakin gado. Wato ya ga fuskar Mama, ya janye. Ta ce a ranta shi ke nan, ɗaya ne cikin abubuwan da ke wucewa. Ta kashe wayar, ta jefa a durowa.

Kwana uku ba ta kunna ba. Abin mamaki, wannan bai wuce ba. Ya tsaya mata a ƙahon zuci, yana suka in ta tashi, yana suka in ta zauna. Ta ji haushinsa, ta yi kewarsa, kuma ta tsorata, don ta manta yadda ciwo yake.

A rana ta huɗu da hantsi ta ji sallama a ƙofar gareji. Ga mai fenti tsaye da bokiti da soso.

"Wayarki a kashe. Na ce kada ki ƙara wani a kai."

"Wani me?"

"Fenti mana. Hoton da kika turo, sai da na koma shago na gani." Ya durƙusa, ya sa farce a gefen bambar, ya ja. Fentin ya taso salala kamar ɓawon dafaffen ƙwai. "Kin gani? Fuskar tana ƙyalli, ba ki goge ba."

"Fuskar bamba kake nufi?"

"Ta wa kuma?" Ya ɗago, ya ga idonta, sai ya fahimta. "Subhanallah. Direbata, ni in gudu don Mama ta ɗaure fuska? Ai ni aikina ke nan, jiran abu ya karɓa."

Dariya ta so yi, amma abin da ya fito daban. Ta zube kan jaridun nan, ta dafa ƙarzar da ta sake bayyana a ƙarƙashin fentin, ta fashe da kuka. Tana kiran Baba, tana cewa ya ce su biyu za su gyara. Mai fenti bai ce ta yi shiru ba. Ya zauna daga gefe da sosonsa a hannu, ya bar ta ta yi.

Mama ta fito a guje, ta tsaya turus a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallon 'yarta, nata idon ya kawo ruwa.

"Wata bakwai ina roƙon Allah in ga hawayen yarinyar nan," ta ce a hankali. Ta juya ga mai fenti. "Kai ka sa ta kuka?"

"Ni ne, Mama. A yi haƙuri."

"To wanda ya sa kuka shi ke rarrashi. Ka turo manyanka."

Mako guda suka yi a kan bambar. Suka ɓare tsohon fentin, suka wanke sau uku, suka goge da sanfefa da ruwa har yatsunta suka yi laushi. Shimfiɗa siririya, a jira. Launi siriri, a jira, a sake. Da suka zo kan ƙarzar, ya tambaye ta ko a cike ta duka. Ta ce a bar ɗan gurbi a ƙasa, inda sai mai nema zai gani.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, motoci sun yi layi, har da ta ma'aikacin banki, amma ta wuce su ta buɗe motar Baba mai launin toka, ta zauna a mazaunin direba, ango a gefenta. Mama ta leƙo ta taga, ta dafa kansu ɗaya bayan ɗaya.

"Allah ya yi muku albarka, ya sa ya kama, kada ya ɓare."

"Amin, Mama," in ji ango. Ya kalli madubi, ya kalli amaryarsa. "Direbata, a hankali da get ɗin nan."